Talata, turaren da Umma ta ƙi

Kwalaben gwajin da Yaya ta aiko daga Landan sun iso jiya da daddare, 'yan mitsi-mitsi, kowace mil 2. Irin turarukan ƙananan kamfanonin nan ne da ba a samu a kowane shago, masu cewa sun ɗura daji a kwalba. Da safe na zaɓi mai jema da itacen al'ul da gansakukar bishiya, na ɗiga a wuyan hannu. Sanyi-sanyi, ɗaci-ɗaci, ba zaƙi ko kaɗan. Ni dai ya yi min.

Na shiga gaida Umma. Ban gama durƙusawa ba ta ɗago.

"Ke, kayan da kika sa ba su bushe ba ne?"

Na ce turare ne, Umma.

Ta kamo hannuna ta shinshina, ta sake shi. "Wannan ai warin ɗakin da damina ta ci ne. Nawa yayarki ta saye shi?"

Na yi shiru. In na faɗa, sai maƙwabta sun jiyo salati.

Maimakon in tashi in tafi aikina, sai na zauna kare turare, kun san hali. Na ce mata saiwar da ke ciki 'yar uwar jemar fadamarmu ce, sai dai tasu yawanci daga Haiti ake tatso manta. Ta ce jema dai jema ce, ciyawa. Na ce to turaren wutarta da ake kawo mata daga Maiduguri fa, ba itace da saiwa ba ne? Sandal itace, kajiji saiwa. Oud ɗin da take ɓoyewa a ƙasan akwati sai ranar Juma'a, shi ma ciwon bishiya ne. A dazukan Assam da Kambodiya, in naman gwari ya kama itacen Aquilaria sai ya fitar da baƙin ƙaro yana kare kansa, wannan ƙaron ake saya da tsada. Har ta kai tun 1995 aka sa wa cinikin wani nau'insa takunkumi a duniya saboda yawan sara.

"To ai shi wuta ke gyara shi," in ji ta. "Naki ɗanye ne."

Nan bakina ya mutu. A wajen Umma, ƙamshin da bai hau garwashi ba, bai kama labule da gashin kai ba, bai cika ƙamshi ba. Laima kuwa a wajenta alamar ƙazanta ce. Na so in ba ta labarin Kannauj a Indiya, inda suke dafa gasasshen yumɓu a tukunyar tagulla su kama tururinsa a man sandal, don kawai su samu ƙamshin ƙasa na ruwan farko. Ita da kanta takan fito tsakar gida ta shaƙi wannan ƙamshin duk shekara. Amma ta riga ta ɗauki carbi.

Ofis: ba abin labari. Shinkafa da wake, mai ya yi yawa.

Wajen la'asar turaren ya kwanta, ɗacin ya tafi, saura itace da danshin ƙasa. Na ciro 'yar takardar da ta zo da shi. Hoton dogayen bishiyoyi cikin hazo, da bayanin wai a rufe ido a ji natsuwar daji. Abin da ya ɓata min yammacin ke nan. Yaya takan shiga irin wannan dajin ranar Lahadi, ita kaɗai, da ruwanta a jaka, ta ɗauko hoto ta turo mana. Muna yara, in za mu Jos, Baba kan tsayar da mota a dajin Falgore mu miƙe ƙafa, iska na kawo ƙamshin ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yanzu wa zai ce wa direba ya tsaya? Dajin Rugu, dajin Kamuku, sunayen da ba ka jin su sai a labaran an kwashe mutane. Mai haɗa turaren nan bai yi ƙarya ba, dajinsa ya sani. Ni ce nake shinshinar hannuna a ofis ina tuna wurin da ba zan yarda a rage gudu a cikinsa ba.

Ban sani ba ko gobe zan sake sa shi. Wataƙila in na fita ƙofa.

Auta ta sace mai ƙamshin sandal, ta rantse ba ita ba ce, ɗankwalinta na tona mata asiri. Gobe ni zan kai ta cire haƙori, kuma an ce layin kati tun ƙarfe 7 yake farawa.