Tramol a gidan Mma

Yau ma famfo bai kawo ruwa ba, Sule ya tafi da jarka tun asuba. Koko da ƙosai, sai shago. Ciniki babu laifi.

Amma hankalina duk yana kan Rukayya. Jiya aka yanke mata naman nan da ya tsiro a kunne tun da ta yi huji na biyu, allurar kashe zafi kawai aka mata a wurin aka ɗinke, kafin la'asar mun dawo Aboabo. Likita ta rubuta paracetamol da ibuprofen a riƙa sha kan lokaci, sai tramadol mai miligram 50 ƴan ƙwayoyi, ta ce sai in zafin ya ƙi ji.

Mma na jin sunan ta fizge ledar.

"Tramol a gidana? Wallahi ba za ta sha ba."

Na ce haba Mma likita ce fa ta bayar, ba irin mai 225 ɗin nan ba ne da samari ke saya a ɓoye, FDA ma, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, 50 da 100 ta amince da su. Ta ce "Ɗan maƙwabciyarmu ai da ciwon baya ya fara, yanzu je ki gan shi yana barci a tsaye bakin kwata." Na yi shiru don da idona na gan shi.

Cikin dare yarinya ta kasa kwanciya, ta riƙe gefen kai tana hawaye ba sauti, bandejin har ya ɗan jiƙe. Mma da kanta ta kwance bakin zani ta ba ta guda ɗaya, ta zauna a kanta tana tofi har barci ya ɗauke ta. Yau da safe paracetamol ya ishe ta, har ta ci tuwo.

To ragowar fa? Shi ke damuna. An faɗa mana yadda za a sha, ba wanda ya ce ga yadda za ku yi da wanda ya rage, alhali gida cike da samari, abokan Sule na shiga suna fita, kuma in mutum ya saba da ƙwayar nan har farfaɗiya tana jefa shi. Ni ba na son yarinya ta kwana tana shan azaba don tsoro, ba na kuma son abin ya kwana a durowa.

Gobe in sha Allah zan mayar wa mai kemis in ji ko yana karɓa. Mma ta ce sai dai mu tafi tare.