Robar baki ce ke yanke wa iyafis hukunci

Aikina tace sauti ne: hirarrakin da ake ɗauka da waya, karatuttukan malamai, wani lokaci tallan rediyo. Inda nake aiki akwai injin markaɗe a bayan gida, ga janareton maƙwabta, don haka lasifika ba ta yi mini amfani. Babban hedifon mai rufe kunne kuwa, a zafin watan Afrilu na Kano, kafin ka gama fayil ɗaya gumi ya jiƙa maka gefen kai. Dole ta sa na koma kan iyafis irin wanda ake cusawa cikin kunne, mai 'yar roba a baki, kuma tunda da shi zan ci abinci, sai na zauna na gwada su da kyau.

Na tara abin da hannuna ya kai gare shi, wasu nawa, wasu na aro. Akwai masu waya 'yan China da ake sayarwa kusan dala 20, irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero da wasu samfuran KZ. Akwai na bulutut na Oraimo, wanda ya cika kasuwannin waya. Wani abokina ya ara mini AirPods Pro, wani mai situdiyo ya ba ni Shure SE215. Sai kuma wasu marasa suna da na tsinto a tebur, waɗanda kwalinsu ya fi su kyau.

Abin da ya fara bayyana mini shi ne ba a iya cewa komai a kan sautin iyafis sai robarsa ta zauna daram a kunne. Ramin kunnen mutum tsawonsa kusan santimita 2.5 ne. Idan roba ta toshe bakinsa, iskar da ke tsakanin ɗan injin sautin da dodon kunne ta zama a kulle, kuma ita wannan iskar ce ke ɗaukar sauti mai kauri, wanda 'yan kasuwa ke kira bes. Da zarar an sami 'yar kafa, ko da ba ka jin ta, bes ne ke fara gudu. Sai ka ji komai ya yi siriri, ya koma ƙarar gwangwani. Kamar ganga ce da fatarta ta huje: makaɗin bai canja ba, amma amon ya tafi. Na ɗauki iyafis guda, waƙa guda, ƙarar waya ban taɓa ta ba, na sauya roba daga ƙarama zuwa matsakaiciya kawai, bambancin da na ji ya fi wanda ke tsakanin mai araha da mai tsada.

Yawancinsu suna zuwa da roba girma uku a kwali, amma mutane kan tsaya kan wadda aka saka daga kamfani, sauran su ɓace a aljihun jaka. Ga yadda na riƙa yi. In kama saman kunnena da ɗaya hannun in ja shi sama da baya kaɗan, don ramin ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa, jan nan ne ke daidaita shi. In cusa, in ɗan murza, in saki. Daga nan in rufe baki in yi gunji a maƙogwaro. Idan ya zauna, muryata za ta cika mini kai, hayaniyar waje ta ja baya. Sai in yi hamma, in tauna wani abu, in yi magana. Wannan gwajin na ƙarshe ya kayar da da yawa, saboda gaɓar muƙamuƙi tana dab da gaban ramin kunne, duk motsin baki yana canja siffarsa. Robar da ta zauna lafiya kana shiru, tana iya zamewa da zarar ka amsa sallama.

A nan ne na gano kunnuwana ba girmansu ɗaya ba. Na hagu matsakaiciya yake so, na dama babba. Babu dokar da ta ce sai ka sa iri ɗaya. AirPods Pro suna da gwaji a cikin saitin iPhone wanda ke kunna ɗan sauti ya gaya maka ko robar ta toshe, shi ma ya nuna mini haka a kunnen dama.

Bayan robar silikon akwai ta soso, irin wadda kamfanin Comply ya yi suna da ita, Shure ma suna sakawa a kwalinsu. Ana matse ta da yatsu, a cusa, a riƙe na ɗan lokaci har ta kumbura ta cika ramin. Wajen tare hayaniya babu kamarta, kuma tana ɗan lafar da kaifin sauti. Illarta ita ce tana shan gumi da dauɗa, a yanayinmu ba ta daɗewa take fara rugurgujewa, kuma samun sabuwa ba ko'ina ba. Akwai kuma mai hawa uku da kamfanin Etymotic ya shahara da ita tun iyafis ɗinsa ER-4 na 1991, wadda ke shiga can ciki. Masu sonta ba sa sauraron kowa, amma ba kowane kunne ke jure baƙo ya wuce zaure ba. Faɗin hujin robar ma yana da tasiri: mai faɗi tana sakin sauti mai tsini, mai ƙunci tana rage shi.

Toshewa daban, daɗin sawa daban. Wani iyafis ɗin yana toshewa sarai, amma bayan awa ɗaya jikinsa ya fara danna guringuntsin kunne har ya yi zafi. Wannan ba ya bayyana a tsaye a gaban shago. Masu wayar da ke zagayawa ta bayan kunne sun fi zama, kuma sun rage wata matsala da ba a cika faɗa ba: ƙarar gogar waya da riga, wadda ke bin wayar ta shigo kunne kana tafiya. Ƙanwata da na ba ta wasu ta gwada ta kawo abin da ni ba zan taɓa lura da shi ba. Ta ce, "Yaya, duk wanda ya turo waje hijabi yana gogarsa, shuu-shuu kawai nake ji, kuma yana ture shi." Ta zaɓi mafi ƙanƙantar jiki, ba ta ko tambayi sautinsa ba.

Da zama ya daidaita, sai na shiga sauraro. Tarko na farko shi ne ƙara. A kasuwar waya ta Farm Centre, da ma ko'ina, mai shago zai miƙo maka ya ƙure ƙarar waya ya ce, "Oga, ji bes!" Ba ha'inci yake yi ba, shi ma haka yake aunawa. Amma kunnen ɗan'adam ba ya jin sauti mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa, sai an ɗaga yake fitowa. Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933 a Amurka. Ma'ana, idan aka haɗa iyafis biyu, wanda ya fi ƙara shi zai yi kamar ya fi kyau, ko da bai fi ba. Don haka duk sanda na sauya, sai na daidaita ƙarar har murya ta yi ƙarfi ɗaya a duka biyun, sannan in kwatanta. Da na yi haka, wasu da suka burge ni da farko suka dawo sahu.

Na ware fayiloli 'yan kaɗan da na sani ciki da waje, ban canja su ba. Ban yi amfani da abin da ya yi ta yawo a WhatsApp ba, don an riga an matse shi, laifinsa zai hau kan iyafis. Na fara da magana zalla, tunda ita muka fi saurare: labarai, wa'azi, saƙon murya. Karatun Alƙur'ani na mai kyakkyawan tajwidi ya zame mini ma'auni mai tsanani, domin iyafis mai kyau zai bar ka ka rarrabe sinun da sadi ba tare da ka yi ta kasa kunne ba. A Hausa kuwa ina sauraron s da sh da ts. Waɗannan suna zaune wajajen 5,000 zuwa 8,000 Hz (ma'aunin kauri ko tsinin sauti, yawan lamba yawan tsini), kuma iyafis ɗin da aka cika masa wannan yanki yana sa kowane "tsaya" ya soke ka. Da farko za ka ɗauka tsabtar sauti ce. Bayan rabin awa kai zai fara ciwo.

Akwai wani abu da ya ba ni sha'awa a nan. Kunnenmu da kansa yana ƙara wa sauti ƙarfi wajajen 3,000 Hz saboda siffar ramin da fatar kunne. Da ka toshe shi da iyafis, wannan ƙarin ya lalace, dole mai ƙera iyafis ya mayar da shi. In ya gaza, murya ta yi nisa, ta dushe. In ya wuce gona da iri, sai ka ji ana yi maka tsawa. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya fitar da wani ma'auni na yadda yawancin masu sauraro ke son a rarraba sauti, kuma da yawa daga 'yan dala 20 ɗin nan kusa da shi ake daidaita su. Shi ya sa a kan murya suka ba ni abin da ban zata ba.

A kiɗa, kalangu na sa gaba. Muryarsa tana hawa tana sauka yayin da makaɗi ke matse tsarkiya, kuma iyafis mai kumburarren bes yana haɗiye wannan, ya bar maka dum-dum kawai. Bes mai kyau yana bugawa ya tsaya, ba ya malala ya rufe mawaƙi da 'yan amshi. Kukuma da algaita kuwa su ke tona asirin mai kaifi. Marasa sunan nan duka sun faɗi a wuri guda: bes ya yi yawa, tsini ya yi yawa, tsakiya inda murya take ta rame.

Rubutun kwali bai taimaka mini da komai ba. Kusan kowanne ya rubuta 20 zuwa 20,000 Hz, wanda iyakar jin ɗan'adam ne kawai, bai gaya maka yadda aka raba ƙarfin ba. Yawan injin sauti a ciki ma haka. Na ji mai guda ɗaya da ya fi mai huɗu daidaito.

Na bulutut suna da daɗin yawo, kuma masu kashe hayaniya da lantarki suna cinye gurnanin janareto da na mota sosai, saboda ƙara ce mai kauri wadda ba ta canjawa. Hon da surutun mutane kuwa suna ratsowa, a nan roba ce ke aiki. Ga mai haɗa murya da hoto irina, ɗan jinkirin da ke tsakanin motsin leɓe da sauti ya isa ya hana ni aiki da su.

Toshewa mai kyau tana da wata riba ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Mai iyafis ɗin da ke yoyo, a cikin Adaidaita Sahu, ƙara yake ta yi don ya rinjayi titi. Da na sami robar da ta dace, na ga ina sauraro ƙasa da rabin ƙarar waya. Sai dai ba na tsallaka titi da duka biyun a kunne.

Idan gefe ɗaya ya yi ƙasa, kafin ka ce ya mutu, cire robar ka duba 'yar ragar da ke bakin. Sau da yawa dauɗar kunne ce da ƙurar hunturu suka toshe ta, busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, bakin yana kallon ƙasa.

Na tsaya kan mai waya, matsakaiciyar roba a hagu, babba a dama. Na kuma zaɓi wanda ake iya cire wayarsa, irin 7Hz Zero mai fil biyu ko SE215, domin a iyafis waya ce ke fara mutuwa, galibi a gindin filogi, kuma sauya ta ya fi sayen sabo sauƙi.