Sati na uku da Animate: rubutu ya fara gangarawa

Salam 'yan uwa masu koyo, ga inda na kwana. Tallar shagon shaddar yayana da ke Agege a Legas nake haɗawa da Adobe Animate, manhajar yin zane mai motsi, jerin kaya da farashi ya yi tsawo ya ƙi shiga allo, shi kuma Yaya ya ce ko layi ɗaya kar in cire.

Kwana biyu na ɓata ina bin wani tsohon darasi da ya ce ka ja UIScrollBar, wato sandar gefe ta gangara rubutu, ka manna wa akwatin rubutu shi ke nan, na duba Components, wurin kayan da manhajar ta tanada, har idona ya yi ja babu shi, ashe na yaren shirye-shirye na ActionScript 3 ne, zamanin da ake kiran manhajar Flash, ni kuwa HTML5 Canvas na buɗe, irin fayil ɗin da burauza ke kunnawa kai tsaye. Flash Player, mai kunna ayyukan Flash, ai tun ƙarshen 2020 aka binne shi, sunan manhajar ma tun 2016 ya koma Animate, don haka ku riƙa duba shekarar darasi.

Dabarar da ta yi min aiki kamar taga ce da labule. Na sa rubutun cikin Movie Clip, wato ƙunshin da ake iya motsawa gaba ɗaya, na ba shi suna jeri, a leyar sama na zana akwati na mai da shi Mask, sai abin da ke daidai tagar kawai ake gani. Saura motsi, na sa pressmove, mai lura da dannawa a ja, yana canza y na jeri, wato matsayinsa sama ko ƙasa, in an ja shi. Murna ta sa na manta iyaka, ja ɗaya na yi rubutun ya tashi sama ya ɓace kamar direban danfo, motar hayar Legas, ya hango fasinja a gaba, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Lissafin kuwa ɗan kaɗan ne, tsawon rubutuna 900, taga 300, iyakar tafiyarsa 600 kenan, ya kai nan a tsayar da shi.

A kwamfuta lafiya lau, a wayar Yaya ko gezau. Layi ɗaya ne ya rage, createjs.Touch.enable(stage), ina sawa yatsa ya fara ja.

Sai ƙ da ɗ da ɓ, wani font ɗin ba ya da su, suna fitowa daban da sauran baƙaƙe kamar aro aka yi, na koma Noto Sans suka zauna daram.

Yanzu ɗan sandar gefen nan nake so in ƙara don mutum ya san akwai saura a ƙasa, don Yaya da kansa bai gane ana ja ba sai da na nuna masa. In wuta ta zauna daren nan zan gwada, wanda ya riga ni yi ya taimaka da lissafinsa don Allah.