Ga ku da aka ba teburin harkokin ɗalibai

Jiya ina wucewa na ji wani yaro da muka ɗauka aiki bara yana gaya wa wata mai goyo wai an rufe rajista, ta dawo baɗi. Raina ya ɓaci amma na kasa tsawata masa, don irin maganata ce sak ta fito daga bakinsa.

Lokacin ina kan wannan teburin akwai wata da ta dawo karatu bayan yaranta sun tasa, ta girme ni nesa ba kusa ba. Mijinta ya kwanta asibiti, ita ke jinya, lacca ta yi ta wuce ta har zuwanta aji ya gaza kashi 75 ɗin da sai da shi ake zama jarrabawa. Ta zo da takardun asibiti a leda duk sun yamutse, tana cewa ɗana ka taimaka, na ce Hajiya doka ce. Kuma fa dokar ce, ba ni na rubuta ba, sannan in ka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa gobe layi za ka tarar, ga shugaban namu ba ya ɗaukar wasa, ni ma sabo ne ina lallaɓa aikina. Sai dai fom ɗin jingine zango yana cikin durowata a lokacin, da ta cike da an ajiye mata gurbinta. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Aka rubuta mata faɗuwa a duk kwasa-kwasan, daga nan ba ta sake takowa ba. Wani sa'in nakan ce ai laifinta ne, me ya hana ta karanta littafin dokokin ɗalibai? To wa ke karanta shi fisabilillahi, ni kaina sai da na daɗe a ofis na buɗe shi.

Na so in jero muku abubuwa da yawa, amma ga dai wanda ya zama dole. In irin waɗannan matan sun zo ka gaya musu abin da ba su tambaya ba, jingine zango, biyan kuɗi kashi-kashi, ajin yamma ko na ƙarshen mako in makarantarku na da shi. 'Yar shekara 18 tana jin duk wannan a ɗakin kwana, wadda ke fita a guje ta ɗauko yara daga makaranta ba mai gaya mata.

Kar ka karya doka don tausayi, in ta ɓaci kai kaɗai za a kama. Ko da yake in kwana biyu ne kawai ta makara, karɓi takardar mana, ka je wajen magatakarda da ƙafarka ka roƙa, ba za ka mutu ba.

Kuma ku yaran yanzu ku rage wannan "je ki duba a intanet" ɗin, kun mai da shi hanyar korar mutane. Wata matar wayar ɗanta take ara, sai ya dawo da dare, kafin nan an rufe shafin.