Wasiƙa daga Belfas zuwa ga mutanen Damagaram

Assalamu alaikum jama'ar Birni da Zango, na Sabon Gari da Garin Malam, har da ku ƴan Kara-Kara masu cewa na manta da ku. Lafiyata lau, ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, iyayena su yi mini afuwa.

Tambayoyin da kuke aiko mini ta WhatsApp ba sa sauyawa: nawa ake samu, me ake ci, kuma me Turawa ke cewa game da sojojinmu tun da aka sallami Faransa da Amurka. Ta ƙarshen amsarta gajera ce, ba sa cewa komai. Mafi yawan waɗanda nake aiki da su ba su san inda Nijar take ba. Sai dai garin nan da nake zaune, Belfas na Ailan ta Arewa, ya sha hannun soja da na ƴan bindiga shekara talatin, kuma a kan haka nake son mu yi magana. Zancen albashi da abinci na nan tafe.

Ku bar ni in fara da sanyi, don shi ya fi tsaya mini a rai. Hunturunmu na gida yana da ladabi: ya zo da asuba, ya fasa leɓe da dunduniya, hantsi na yi ya kama gabansa. Na nan jiƙaƙƙe ne, kuma ba shi da lokacin tashi. Yayyafi ne siriri wanda ba ya kai a ce an yi ruwa, amma ya isa ya ratsa riga uku ya taɓa ƙashi. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, in ma an gan ta ke nan. Azahar da la'asar da magariba sai su taho a jere, alwala ɗaya ta ishe ka, kuma wallahi za ka so ta ishe ka, don ruwan famfo yanka hannu yake. Ɗumin ɗaki saye ake yi. Akwai mita a bango, ka je kanti ka sa mata kuɗi, kana zaune kana kallon lamba na raguwa. Wanki kwana da kwanaki a rataye bai bushe ba, bango na fitar da baƙin tabo. Ni da na tashi ina zagin zafin watan Afrilu, yau ga ni ina kewarsa.

Sai takardu. Banki ba ya buɗe maka asusu sai ka kawo shaidar inda kake kwana, wato wasiƙa mai sunanka da ta zo ta gidan waya, ko takardar kuɗin wuta. Mai gidan haya ba ya ba ka ɗaki sai ya ga takardar banki. Wurin aiki na son lambar haraji, likita na son adireshi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. A Damagaram adireshina bayan masallacin unguwa ne, gida mai dogon yaro a ƙofa, kuma saƙo bai taɓa ɓata ba. A nan in babu lamba babu kai. Wata ma'aikaciya ta dube ni da fara'a ta gaya mini cewa kwamfuta ba ta gan ni ba, alhali ina tsaye gabanta ruwa na zuba daga hulata. Abu ɗaya dai na yaba musu a cikin wannan wahala: duk ƙorafin da ka shigar sai an ba ka lamba da ranar da za a amsa maka, ko da amsar a'a ce. Ku riƙe wannan.

Belfas babban birnin Ailan ta Arewa ne, yankin da mutanensa duka ba su kai na jihar Damagaram yawa ba. Daga 1969 zuwa 1998 an kashe mutum sama da 3,500 a rikicin masu son zama cikin Birtaniya, galibi Furotesta, da masu son haɗewa da Ailan, galibi Katolika. Har yau akwai katangu tsakanin unguwanninsu. Na tsaya gindin ta Cupar Way: kankare a ƙasa, ƙarfe a tsakiya, raga a sama don kada dutse ko kwalbar fetur su tsallaka, tsayinta ya fi gidan bene. Gidajen da ke jikinta har da keji a bayan tsakar gida. Da dare ana rufe wasu ƙofofin. A 2013 gwamnatin yankin ta yi alkawarin rushe katangun kafin 2023, shekarar ta zo ta wuce suna nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda lamarin soja ya faro. Da sojojin Birtaniya suka shigo a watan Agusta 1969, matan unguwannin Katolika shayi suka riƙa kai musu a bakin shinge, don a ganinsu masu ceto ne daga waɗanda ke ƙona musu gidaje. Hotunan na nan. Ba a cika shekara ba, a Yuli 1970, sojojin suka rufe unguwar Falls, suka hana fita, suka bi gida-gida neman makamai suna fasa ƙofofi da daɓe, mutum huɗu suka mutu. Mata ne suka karya dokar, suka shigo da burodi da madara cikin kekunan jarirai. A Agusta 1971 aka fara kame ba shari'a, mutum 342 a tashin farko, da yawansu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ranar 30 ga Janairu 1972 a garin Deri sojoji suka harbe masu zanga-zanga 13 har lahira. Bayan nan samari suka riƙa tururuwa zuwa IRA, ƙungiyar ƴan bindiga masu son haɗewa da Ailan, kuma 1972 ta zama shekarar da aka fi zubar da jini, kusan mutum 500. Kada ku ɗauka ina wanke ƴan bindiga. IRA ta fi kowane ɓangare kisa, kuma sojoji sama da 700 aka kashe, yawancinsu yara ne ƴaƴan talakawa da ba su zaɓi inda za a tura su ba.

Binciken farko na kisan Deri, a cikin 1972 ɗin, wanke sojojin ya yi. Iyalai ba su haƙura ba. Sai 15 ga Yuni 2010 sabon bincike ya tabbatar cewa waɗanda aka harbe ba su yi abin da za a harbe su ba, Firaminista David Cameron ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri. Shekara 38, iyaye da dama sun rasu ba su ji ba, kuma har yau ba a ɗaure soja ko ɗaya a kan kisan ba. A 2023 ma gwamnatin Landan ta yi dokar rufe irin waɗannan shari'o'i, manyan jam'iyyun yankin duka suka ƙi ta. Ba aljanna nake ba ku labari ba.

Na san abin da ake faɗa a fada idan shayi ya kai na biyu: zancen ƙasa ne, soja namu ne, mai sukarsa ɗan koren Faransa ne. Soja namu ne kam. Ƙannenmu ne, abokan wasanmu ne. Wa ya manta sojoji 71 da suka kwanta a Inates a Disamba 2019, ko 89 na Shinagodar bayan wata guda, ko waɗanda suka tare Boko Haram a Bosso da Difa tun 2015? Mu ƴan Damagaram mun ga motocinsu na wucewa gabas, mun kuma ga ƴan gudun hijirar da suka biyo hanyar zuwa yamma. Amma tafin da aka yi a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba shi ne na farko ba. An yi wa Seyni Kountché a 1974, an yi wa Salou Djibo a 2010. Mu da aka kifar da ɗan garinmu Mahamane Ousmane a Janairu 1996 mun san cewa juyin mulki ɗaya yakan zama biki a wata unguwa, makoki a wata. Yardar jama'a ga soja kamar ruwan famfon garinmu take: ranar da ya zo kowa ya fito da bokiti ana murna, mai hankali kuwa tambaya yake yaushe zai ɗauke.

Abin da ke sa ta ɗauke ba a fagen daga yake faruwa ba. A shingen hanya ne, inda direban Magarya ko na Tanut ke miƙa ƴan dala kafin a ɗaga igiya. A rugar da aka kwashe maza don an ce ɗaya daga cikinsu ya sayar wa ƴan daji hatsi. A 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta binciki ɓatan mutum 102 a yankin Inates, ta gano gawa 71 a kaburburan bai-ɗaya, ta ɗora laifin kan wasu daga cikin jami'an tsaro, hukumomi suka musa. A shekarar ce kuma binciken kuɗin ma'aikatar tsaro ya nuna an yi sama da faɗi da biliyoyin sefa na sayen makamai, a daidai lokacin da ake binne yaranmu. Wannan a mulkin farar hula aka yi, don haka maganata ba ta kaki ko babbar riga ba ce. Tambayata ita ce: uwar da aka tafi da ɗanta, wace ƙofa za ta buga, wa zai rubuta sunansa, ya ba ta lamba da ranar amsa?

A nan da ƙofar suka fara. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu 1998, wadda kashi 71 cikin ɗari suka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama, aka sauya wa rundunar ƴan sanda suna da tambari a 2001. Katolika kusan kashi 8 ne kawai a cikinta, sai aka ce duk ɗaukar sababbi rabi da rabi za a yi, aka yi haka shekara goma har suka kai kusan kashi 30. Aka buɗe ofishi mai zaman kansa, ba ƙarƙashin ƴan sanda ba, wanda aikinsa karɓar ƙarar ƴan sanda. Aka saki fursunoni, har da masu jini a hannu, abin da ya yi wa iyalai da yawa ɗaci. A ƙarshen Yuli 2007 soja ya bar aikin tsaron titi. Ƴan sandan har yanzu da bindiga suke yawo, cikin motoci masu sulke.

Game da baƙi kuwa, ba na cikin masu kukan tafiyar Faransa a Disamba 2023 ko ta Amurka a 2024. Garin da Faransa ta ci da yaƙi a Tirmini a 1899 ba ya buƙatar Facebook ta koya masa shakkar sojan waje. Sai da aka kashe Amurkawa huɗu a Tongo Tongo a 2017 da yawanmu suka san cewa ɗaruruwansu ne a ƙasar. A Tera, a Nuwamba 2021, mutum uku suka mutu wajen tare ayarin sojan Faransa, aka biya diyya ba tare da an faɗi wanda ya yi harbin ba. Laifin waɗancan yarjejeniyoyi shi ne talaka bai san abin da ke cikinsu ba. To ta Rasha, da masu horarwarta suka sauka Yamai a Afrilu 2024, wa ya karanta ta? Ta rundunar AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, fa? Kuma da muka fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025, iyakarmu da Najeriya ba ta matsa ko taku ɗaya ba, tana nan kudu da Magarya da Matamai.

Baƙin da suka yi amfani a nan ba su zo da sansani ba. George Mitchell na Amurka ya zauna ya jagoranci tattaunawa. Cyril Ramaphosa na Afirka ta Kudu da Martti Ahtisaari na Finlan suka duba rumbunan makaman IRA a 2000. Janar John de Chastelain na Kanada ya tabbatar da lalata su a 2005, tare da limaman coci biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Shaidu ne, waɗanda masu gaba suka yarda da su lokacin da ba su yarda da juna ba.

Kuma mu ma mun iya. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Abzinawa, wadda Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka shiga tsakani, ta sa an ɗauki tsofaffin ƴan tawaye aikin kaki da na gwamnati, aka ƙona makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Da aka yi sakaci da alkawura wuta ta sake tashi a 2007. Duk da haka, a 2012 da arewacin Mali ya ɓalle, namu bai bi ba, kuma a lokacin ɗan Iferwan ne, Brigi Rafini, ke riƙe da kujerar firaminista. Sansanin tubabbun Boko Haram na Gudumariya ma dabara ce mai kyau, sai dai wanda aka kashe wa uba yana ganin an koya wa tubabbe sana'a shi ba a ce masa ko sannu ba. Malamanmu da fadar Sarki na da bakin magana a nan, in an neme su tun kafin a yanke shawara.

Albashi: ana samu, haya da mitar nan ta bango na cinye fiye da rabi. Abinci: dankali, safe da dare. Akwai kantunan ƴan Afirka da ake samun garin rogo da manja, gero kuwa sai an sha nema, fura babu. Masu son zuwa karatu su fara haɗa takardar haihuwa da ta makaranta, a fassara su zuwa Ingilishi da hatimi tun kuna gida, don a nan kuɗin shafi ɗaya ya isa cefanen mako.

A gaida Inna da su Baba, a ce musu rigar sanyin da suka aiko ta iso, a ƙarƙashin wasu biyu nake sa ta.

Naku, ɗan Birni a Belfas.