Yadda na taya ƙanena zaɓen laftof ta wasa da tace bidiyo

A watan da ya gabata ƙanena, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar bidiyon biki da suna, ya shigo wurina bayan sallar isha'i, ya miƙo mini wayarsa mai ɗauke da hotunan laftof uku da wani mai shago ya turo masa. Ya ce: "Yaya, ka zaɓa mini ɗaya, wadda zan tace bidiyo a kanta da rana, in buga ƙwallo da dare." Da na duba, sai na ga bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin kowace bai wuce layi biyu ba: Core i7, RAM 16GB, katin Nvidia, sai farashi. Irin wannan gajeren bayani ne ya taɓa cin kuɗina shekarun baya, lokacin da tambarin i7 da ke manne kusa da madannai ya ruɗe ni, na biya, na kai kwamfutar gida, na tarar ba ta minti goma a cikin wasa sai ta ɗauki zafi hoton ya fara sarƙewa. Saboda haka na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, washegari mu tafi kasuwa tare.

Abin da na fara fahimtar da shi a hanya shi ne, kayan cikin laftof kashi biyu ne. Akwai waɗanda mai gyara zai kwance ƙusoshi ya sauya su a cikin minti goma sha biyar, wato RAM (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin) da ma'ajiyar SSD, akwai kuma waɗanda aka narka su a jikin babban allon ciki ko aka gina jikin na'urar a kansu, wato furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da katin hoto (mai sarrafa hoton wasa da bidiyo) da sikirin da hanyar fitar da zafi. Wanda ya sayi kwamfutar tebur yana iya cire katin hotonsa bayan shekara biyu ya saka sabo, amma mai laftof da abin da ya fito da shi daga shago zai zauna har ranar da zai sayar da ita. Don haka a ganina kuɗin mutum ya kamata ya fara tafiya kan abin da ba ya sauyuwa, sauran a bi su a hankali idan hali ya samu.

Katin hoto ne ya fi cin lokacinmu, domin a nan ne ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata. Sunan katin kaɗai ba ya gaya wa mai saye ƙarfinsa. Misali, katin RTX 4060 na laftof, wanda ya fito a farkon shekarar 2023, Nvidia ta bai wa masu ƙera kwamfuta damar su saita shi ya ja wuta daga wat 35 har zuwa wat 115, gwargwadon yadda jikin na'urar zai iya jure zafi. Ma'anar wannan ita ce, laftof biyu za su iya ɗaukar tambari iri ɗaya, a sayar da su kusan kuɗi ɗaya, amma siririyar mai kyan gani tana tafiyar da katin da rabin wutar da mai kaurin take ba shi, kuma bambancin yana fitowa fili da zarar an kunna wasa mai nauyi. Ana iya ganin adadin a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko a cikin manhajar sarrafa katin ta Nvidia, a sashen bayanan na'ura. Akwai kuma wata alama mai sauƙi da nake dubawa tun kafin a kunna komai: nakan juya cajar in karanta abin da aka rubuta a bayanta. Cajar da ba ta wuce wat 135 ba ba za ta ciyar da furosesa da sikirin ba, sannan ta bai wa katin wat 115. Wadda ta kai 200 ko 230 ita ce ke nuna an gina na'urar don aiki mai nauyi.

Sai kuma ma'adanar katin kansa, wato RAM ɗinsa na musamman, wadda ita ma ba a ƙara ta. RTX 3050 ta farko 4GB gare ta, RTX 4050 tana da 6GB, RTX 4060 kuma 8GB. Ga wanda ƙwallo kawai zai buga, 6GB ta wadatar, amma ƙanena ya fara samun masu biki da ke neman bidiyon 4K, kuma manhajar DaVinci Resolve da yake aiki da ita tana jingina sosai a kan katin hoto, musamman wajen gyaran launi da rage dusashewar hoton da aka ɗauka da dare. Na ce masa kada mu sauka ƙasa da 8GB. Na kuma ja kunnensa kada ya auna katin laftof da bidiyon gwajin da yake kallo na kwamfutar tebur, domin suna ɗaya ba ya nufin abu ɗaya: RTX 4070 ta tebur 12GB ce, ta laftof kuwa 8GB.

Batun furosesa bai ɗauke mu lokaci ba, tunda darasin da na saya da kuɗina ke nan. Harafin da ke ƙarshen lambar furosesar ya fi i5 ko i7 muhimmanci. Mai harafin U an yi ta ne don ta riƙe batir a aikin ofis, tana aiki da kimanin wat 15, mai harafin H kuwa tana kaiwa wat 45, haka ma tsarin yake a furosesar Ryzen ta kamfanin AMD. Sabuwar i5 mai H takan bar tsohuwar i7 mai U a baya nesa. Ga masu sayen na hannu, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, akwai ƙarin dalilin duba zubin furosesar, wato tsohon ƙira ce ko sabo: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama.

Abin da ya fi ba ƙanena mamaki shi ne sikirin, domin bai taɓa kawo shi a lissafi ba. Yawancin laftof ɗin wasa masu sauƙin kuɗi suna zuwa da sikirin mai saurin 144Hz, abin da ke sa motsi ya yi santsi, kuma shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Abin da ake ɓoyewa a ƙasa shi ne faɗin launinsa, wanda sau da yawa 45% NTSC ne kacal, wato launukan da yake iya nunawa kaɗan ne. Na roƙi mai shagon ya jera mana biyu a kan kanta, muka buɗe hoton amarya guda a kansu daga filashin ƙanena. A kan ta farko, jan leshin da ta saka ya koɗe kamar an wanke shi sau ashirin, lallen hannunta ya koma ruwan ƙasa maras armashi; a kan ta biyu, mai wadatar launi, wato 100% sRGB, jan ya fito da jininsa, zaren gwal ɗin mayafin yana ƙyalli. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce yanzu ya gane dalilin da wata uwar amarya ta taɓa cewa ya cika wa bidiyonsu launi: tsohon sikirinsa ne yake nuna masa hoton a koɗe, shi kuma yana ta ƙarawa. Mai wasa zalla zai iya haƙura da irin wannan sikirin, amma wanda launi ne abincinsa bai kamata ya karɓe shi ko da ragi ba.

Zafi kuwa lamari ne da mu a nan ya fi shafa fiye da waɗanda suke rubuta sharhin waɗannan na'urori a ɗakuna masu sanyi. A Kano zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙofofin iska a cikin 'yan watanni. Idan furosesa ta kusanci digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma a lokacin ne wasa ke tsinkewa, fitar da bidiyo ya ninka lokacinsa. Na nemi izini muka kunna wasa na minti ashirin a shagon, manhajar HWiNFO tana buɗe a gefe tana nuna ma'aunin zafi, na kuma kai hannu bayan na'urar don in ji ko iska na fita da ƙarfi ta fanka biyun. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya hana wannan gwaji. Game da batir, na gaya masa gaskiya: laftof ɗin wasa tana rage ƙarfinta sosai da zarar an zare caja, kuma ko mafi girman batir ba ya wuce 99.9Wh saboda dokar shiga jirgin sama. Wanda ba shi da tsayayyar wuta, sai ya sa kuɗin inbata ko sola a cikin lissafinsa tun farko, ya kuma guji jona caja kai tsaye a ƙaramin janareta ba tare da na'urar daidaita wuta ba.

RAM da SSD muka bari ƙarshe. Mun tabbatar 16GB ɗin sanda biyu ce mai 8GB kowace, domin biyu sun fi ɗaya sauri, kuma a cikin rami suke, ba narkakku ba ne. Mun kuma rubuta cewa DDR5 ce, saboda DDR4 ba ta shiga raminta. SSD ɗin 512GB ce, wadda Windows ke nunawa kimanin 476GB, kuma manyan wasanni na yanzu wasu sun haura 100GB, balle bidiyon biki na kwana uku. Abin da na dage a kai shi ne a buɗe mana murfin ƙasa mu ga rami na biyu na M.2, inda ake saka ƙarin SSD, da idonmu.

Mun bar siririyar mai launin azurfa da ya fi so tun a waya, muka ɗauki wata baƙa mai nauyi, Ryzen 7 mai H da RTX 4060, cajarta kamar bulo. Ramin M.2 ɗin yana nan babu komai a ciki. Ya ce idan ya gama ayyukan bukukuwan bayan Sallah zai sayi SSD mai 1TB, kuma mun yi alkawari ranar da za a saka ta za a busa wa fankokin iska a cire ƙura.