Kada Ku Ajiye Irin Masara Mai Aure

A makon jiya na tarar da ɗan ƙanena a gindin rumbu, a ƙauyenmu da ke yankin Tudun Wada, yana ware manyan goyon masarar da ya girbe yana ɗaure su bibbiyu da ɓawonsu, domin ya rataye a madafa hayaƙi ya kare su daga ƙwari har damina. Da na tambaye shi wane iri ya shuka, sai ya ce mai aure ne na cikin leda, wato wanda ake samu ta haɗa tsatson masara biyu, ya ƙara da cewa, "Baffa, ai iri iri ne, abin da ya ba ni bana shi zai ba ni baɗi." Yana magana wayarsa tana kiɗa a aljihu, ko rage ta bai yi ba.

Ni ma maganar da na yi ke nan shekarun baya. Na shuka mai aure, gona ta tashi kai ɗaya, na cika rumbu, sai na ga babu dalilin sake kai wa mai shago kuɗina. Da damina ta zagayo na shuka abin da na ajiye, na zuba taki kamar yadda na saba, amma abin da ya fito ya ba ni kunya: wannan kara dogo, na kusa da shi gajere, wani ya fitar da gemu wani bai ko yi niyya ba, goyo da yawa rabinsa totuwa ce tsirara. Na zargi ruwan sama, na kuma je har kasuwa na ci mutuncin mai sayar da taki a gaban jama'a, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau.

Sai dai ban yarda laifin duka nawa ba ne. Mahaifinmu ya shekara yana ajiye zangarniyar gero bai taɓa yin asara ba, kuɗin iri kuwa ba kowa yake da shi a bakin damina ba. Malamin gona ya ce kada a ajiye, amma bai faɗi dalili ba, na ɗauka talla yake yi wa kamfani.

Dalilin, wanda wani malamin kimiyya ya warware mini daga baya, yana cikin ƙwayar halitta. Masara tana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta) 20, wato tagwaye 10, kowane tagwai ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai aure 'yar wasu tsatso biyu ce da aka tace, shi ya sa duk gonar take kama ɗaya, ƙarfinta kuma daga haɗuwar biyun yake. Idan ta zo yin ƙurar fure da ƙwan da zai zama ƙwaya, sai a yi rabuwar da ake kira mayosis, inda adadin ya koma 10. Kafin tagwayen su rabu sukan manne da juna su yi musayar guntaye, kamar a jera carbi biyu a tsinke su a wuri guda, a ɗaura kan wannan da gindin wancan. Rabon tagwayen kaɗai yana iya ba da haɗi 1,024, musayar kuma ta ninka shi yadda ba ya ƙirguwa, don haka 'ya'yan mai aure, kowa da irin gadonsa, da yawa kuma sun rasa haɗin da ya ba uwarsu ƙarfi. Abin mamaki, a jikin masara ɗin nan masana kimiyya Barbara McClintock da Harriet Creighton suka tabbatar da wannan musaya a Amurka a 1931. Yaranmu 'yan makaranta sun haddace wannan don jarrabawa, amma ko ɗaya bai taɓa kai shi gona ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, sai na ga ba za ku karanta ba. Idan an ce mai aure ne, ku ci, ku sayar, kada ku shuka. Idan kuna son irin ajiya, ku nemi wanda ba mai aure ba, akwai su cikin nau'o'in SAMMAZ na cibiyar bincike ta Samaru, ku nisanta shi da gonar maƙwabci saboda iska tana ɗaukar ƙurar fure, ku sabunta shi bayan 'yan damina. Kada kuma ku zubar da irin gida don na leda, domin wannan cakuɗar da ta ɓata mini gona da ita masana suke haɗa jure fari da jure wuta-wuta a iri guda. Ni kaina bara, da kuɗi ya yanke, na shuka 'ya'yan mai aure a kunya biyu ta gefen gona, to amma ni na san abin da nake yi, ku kuwa ba ku sani ba.